Tambaya da Amsa: Kyamara Mai Dogon Zum, Wacce Zan Saya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗaukar hoto sha'awa ce a wurina, ba sana'a ba. Nakan je Yankari, kuma nakan je dausayin Hadeja-Nguru lokacin da baƙin tsuntsaye ke sauka. Duk abin da na jawo da wayata sai ya fito garara-garara, alhali an ce tana jawo abu har sau 100. Wani mai shago ya nuna min kyamara ya ce ita sau 240 take jawowa. In saya? Daga wani mai karatu a Azare.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Riƙe kuɗinka tukuna. Koma wurin mai shagon ka tambaye shi: a cikin 240 ɗin nan, nawa ne zum na gilashi, nawa ne na dijital?

Zum na gilashi shi ne na gaskiya. Gilasan da ke cikin hancin kyamarar ne ke matsawa gaba da baya, su kawo maka tsuntsun kusa ba tare da hoton ya rasa komai ba. Shi kuwa na dijital, kyamarar yanke tsakiyar hoton kawai take yi ta buɗa shi. Idan tana da megafiksel 20, wato ɗigo miliyan 20 da ke haɗuwa su zama hoto, ka ƙara zum na dijital sau 2, saura 5 ke nan a hannunka. In ka kai sau 4, abin da ya rage bai kai ɗaya da rabi ba, sauran duk ƙage ne na manhaja. Wannan shi ne ciwon wayarka. Ko Samsung Galaxy S23 Ultra da ake tallar sau 100, iyakar gilashinta sau 10 ne. Don haka ranar da ka sayi kyamara, fara da shiga saitinta ka kashe zum na dijital. In kana son yanke hoto, yi shi daga baya a kwamfuta, inda kai ne za ka zaɓi wurin yankan.

Ko na gilashin ma, lambar nan ta "sau kaza" tana ruɗar mutane. Lissafi ne kawai: a raba mafi tsawon hangen kyamara da mafi gajartarsa. Mai tashi daga milimita 24 zuwa 600, sau 25 ce. Mai tashi daga 20 zuwa 1200, sau 60 ce. Lambar milimita ta ƙarshen, wato 600 ko 1200, ita ce ke gaya maka nisan da za ta kai.

Akwai kuma abin da masu shago ba su cika ambata ba, wato sensa, ɗan allon da haske ke sauka a kansa ya zama hoto. Kyamarorin da suka fi dogon zum, irin su Nikon Coolpix P1000 ta 2018 mai sau 125, wadda ke kaiwa milimita 3000, da P950 mai sau 83, da Canon PowerShot SX70 HS mai sau 65, da Panasonic Lumix FZ80 mai sau 60, dukkansu ƙaramar sensa gare su, faɗinta bai wuce milimita 6 da ɗoriya ba. Da rana tsaka hotonsu tas yake fita. Amma da zarar la'asar ta yi sanyi, ko giwa ta shige inuwar bishiyoyi, sai ka ga hoton ya yi tsaki-tsaki. Sony RX10 IV ta 2017 kuwa sau 25 kacal take da shi, Panasonic FZ1000 sau 16, amma sensarsu ta ninka waccan kusan sau huɗu, don haka sun fi jure ƙarancin haske nesa ba kusa ba.

Ga ra'ayina a kan buƙatarka. Tsuntsayen dausayi ba sa barin a matso su, kuma a fili suke, cikin haske. Mai kaiwa milimita 1200 zuwa 2000 za ta yi maka aiki sosai. Ban cika tura mai farawa ga P1000 ba, domin nauyinta ya kai kilo 1.4, kuma riƙe milimita 3000 a hannu ba wasa ba ne. In da aljihu ya yarda, kuma dabbobin Yankari da sassafe su ne suka fi damunka, to RX10 IV zan ce. Duk wadda ka zaɓa, tabbatar tana da ɗan tagar leƙawa ta ido, don allon baya ba ya ganuwa a ranar ƙasarmu.

Tambaya: Malam barka da aiki. Na sayi kyamara mai zum sau 60 na je kallon Hawan Sallah. Hotunan kusa sun yi kyau, amma duk wanda na jawo daga nesa ya yi dishi-dishi. An cuce ni ne? Daga wata mai karatu a Katsina.

Amsa: Barka kadai Hajiya. Da wuya a ce laifin kyamarar ne. Yadda zum ke girmama doki da mahayinsa, haka yake girmama rawar hannunki. Motsin da ba ki ma ji ba, a milimita 1200 ya isa ya ɓata hoto. Ga shi kuma dawakin ba a tsaye suke ba.

Juya maɓallin saman kyamarar zuwa harafin S, a Canon kuma Tv. A nan ke ce ke zaɓar saurin ƙyaftawarta. Don doki mai sukuwa sa 1/1000 na daƙiƙa ko sama da haka, ki bar ISO, wato ƙarfin jin haske na sensa, ya daidaita kansa. Tabbatar na'urar hana girgiza a kunne take. Sa idonki a tagar leƙawa, manne gwiwoyin hannu a jiki, hannun hagu ya tallafi hancin kyamarar daga ƙasa. In akwai katanga ko ƙarfe kusa, jingina. Sannan sa ta a yanayin ɗauka a jere, cikin hotuna biyar ko shida ba a rasa ɗaya mai kaifi.

Wata dabara: kada ki fara da jawowa. Nemo mahayin da faɗin hoto tukuna, sannan ki jawo a hankali. In kin fara daga ƙarshen zum, za ki yi ta lalube har ayarin ya wuce.

Akwai kuma abin da babu kyamarar da ta iya masa. Iskar da ke tsakaninki da abin da kike ɗauka ita ma tana shiga hoton. Kawalwalniyar da ke rawa a kan kwalta da rana, ƙurar da kofatai suka tayar, hazon hunturu, duka zum yana tattaro su. Maganinsa ki matsa kusa gwargwadon yadda dogarai suka bari, ki rage zum. Hoton da aka ɗauka a milimita 400 daga wuri mai kyau ya fi na 1200 daga bayan taro.

Tambaya: Kuɗina bai kai na sabuwa ba. Me zan duba a ta hannu? Daga wani ɗalibi a Damagaram.

Amsa: Ta hannu ba laifi, ɗana, in ka duba da kyau. Kunna ta, ka jawo zum har ƙarshe ka mayar sau da yawa, kana saurara. In ka ji ƙarar yashi ko ta tsaya a hanya, bar ta, domin hancin irin waɗannan kyamarori a haɗe yake da jikinsu, ba a cire shi a sa wani, gyaransa kuma kan ci kuɗi masu yawa. Haska fitilar waya cikin gilashin. 'Yar ƙura ba komai, amma in ka ga zare-zare kamar saƙar gizo, fumfuna ce, kar ka saya. Ɗauki hoton sararin sama ka buɗa shi, baƙin ɗigon da ke maimaituwa a wuri ɗaya ƙura ce a kan sensa. Tambayi caja ta asali, ka kuma tanadi batir na biyu.

In ta zama taka, ka sani hancin nan duk shigarsa da fitarsa iska yake zuƙa, da ƙurarta. Da hunturu kashe ta ka mayar jaka in ba ɗauka kake ba. Kada ka goge gilashi da bakin riga, fara hure shi da ɗan famfon roba. Da damina kuma jefa ƙunshin silika, irin wanda ke zuwa a kwalin sabon takalmi, cikin jakar.

Tambaya: Da gaske ana ɗaukar hoton watan sama da irin waɗannan kyamarori? Daga wani mai karatu a Kumasi.

Amsa: Ƙwarai, har ramukan jikinsa za ka gani, musamman lokacin da yake rabi. Ɗora kyamarar a kan mazauni mai ƙafa uku, sa ta ɗauka bayan daƙiƙa 2 ko 10 don kada yatsanka ya girgiza ta, ka rage haske in watan ya yi fari fat. Amma kada ka kuskura ka jawo rana da ita ba tare da matatar hasken rana ta musamman ba, za ta iya ƙone sensar. Haka nan ka kawar da ita daga barikin soja, filin jirgin sama da tsakar gidajen mutane.