Tambaya da Amsa: An ɗauke wuta, fayil ɗin shagonmu ya ƙi buɗuwa

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon sayar da magani. Shekara huɗu ke nan muna rubuta kayan da suka shigo da waɗanda suka fita, har da basussukan da muke bin mutane, a cikin Microsoft Access. Fayil ɗaya ne a kan kwamfutar ofishina, yarana biyu da ke kan kanta suna buɗe shi ta Wi-Fi. Makon jiya ana tsaka da shigar da kaya aka ɗauke wuta. Da aka tayar da janareta sai ya ƙi buɗuwa, yana cewa "Unrecognized database format". Kwafin da muke da shi a filashi ya yi wata biyu. Mene ne mafita?

Mai karatu daga Zariya

Amsa:

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya mayar da alheri. Kafin komai, kada ka bari kowa ya yi ta gwajin gyara a kan fayil ɗin da ya lalace. Ka kwafe shi gefe guda, sannan ka buɗe Access shi kaɗai, ka shiga Database Tools, ka danna Compact and Repair Database, ka nuna masa kwafin. Sau da yawa hakan kan dawo da shi. In bai dawo ba, asalin yana nan yadda yake, ƙwararre zai iya dubawa.

Ga abin da ya faru. A tsarin Access, babu wani mai tsaron ƙofa tsakanin kwamfutocinku da fayil ɗin. Kowacce tana miƙa hannu ta rubuta a cikinsa kai tsaye. Ka ɗauka littafin lissafi ne guda, mutum uku na rubutu a ciki, sai aka fizge hannun ɗaya bai kai ƙarshen layi ba. Ɗauke wuta na jawo haka. Tsinkewar Wi-Fi ko da ta daƙiƙa biyu ce ma na iya jawo haka, kuma ni nan na fi zargi, domin tana faruwa ba wanda ya sani. Saboda haka ka sa a ja waya daga kowace kwamfuta zuwa na'urar da ke haɗa su, ka sayi UPS, wato na'urar batir mai riƙe wuta na ɗan lokaci idan an ɗauke, ka jona mata kwamfutar ofis tare da ita na'urar. Ba don a ci gaba da aiki cikin duhu ba, don a sami 'yan mintunan rufe fayil lafiya.

Sai kuma a raba fayil ɗin gida biyu. A cikin Database Tools akwai maɓallin Access Database da ke yin wannan. Teburan da ke ɗauke da bayanai su zauna a kwamfutar ofis, fom da rahoto kuwa kowane yaro ya sami nasa kwafin a kwamfutarsa. In na wani ya sami matsala, a sake ba shi sabo, bayanan na nan. Kada kuma wani ya ba ka shawarar ajiye fayil ɗin da ake aiki da shi cikin OneDrive ko Google Drive ko Dropbox don kowa ya riƙa buɗewa. Ba a gina su don wannan ba.

Maganar ajiyar kwafi ita ta fi damuna, don wata biyu ya yi yawa ga shagon da ke ba da bashi kullum. Kowace yamma, kowa ya rufe Access tukuna. Ka duba cikin folda: muddin kana ganin ƙaramin fayil mai ƙarewa da .laccdb kusa da naku, to wani bai fita ba, ko an fita ba ta hanyar da ta dace ba. Kwafin da aka ɗauka ana cikin rubutu yana iya fitowa da naƙasa. Idan ƙaramin fayil ɗin ya ɓace, ka kwafi naku, ka sa wa kwafin kwanan wata a sunansa. Kada na yau ya danne na jiya, domin ɓarna kan kwana a fayil kafin a gane ta. Filashi biyu ka riƙa musanyawa, ɗaya ya kwana a gida. Waɗanda gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano ta shafa a 2016 sun san abin da ake nufi da komai ya kwana a shago. Shi wannan kwafin da aka rufe, babu laifi ka ɗora shi a Google Drive.

Na taɓa zuwa wata makaranta inda magatakarda ya shekara yana ajiye kwafi ba fashi, bawan Allah mai himma. Ranar da ake buƙata muka buɗe filashin, ashe 'yar alamar da ke kan allon kwamfuta yake ta kwafewa, ba fayil ɗin ba. Har yau ina jin zafin abin. Don haka duk ƙarshen wata ka buɗe kwafi ɗaya a wata kwamfutar, ka nemi cinikin jiya da idonka. Bayan an raba fayil ɗin kuma, ka tabbatar ɓangaren teburan ake kwafewa.

Ka riƙa duba girmansa, don fayil ɗin Access ba ya wuce gigabait 2. In gyaran bai yiwu ba, ka tattara rasitai da takardun sarin kaya na wata biyun nan, ku fara da shigar da basussuka tun masu su ba su manta ba.