Jan kumatu a fuskar yaro: abin saye da abin bari

Wata uwa daga Zariya ta rubuto cewa ɗanta mai shekara 6 ya yi mura da ɗan zazzaɓi, daga baya kumatunsa suka yi ja kamar an mare shi, sannan ƙuraje masu kama da zanen leshi suka bazu a hannuwansa da cinyoyinsa. Likita ya ce ƙwayar cutar parvovirus B19 ce, bai rubuta komai ba sai farasitamol, shi ne take tambaya ko ta ƙara da wani magani daga kemis.

'Yar'uwa, ki kwantar da hankalinki, likitan nan bai yi miki rowa ba. Ƙurajen kan baje da kansu cikin mako ɗaya zuwa uku, kuma ko sun sake fitowa bayan yaro ya sha rana ko ya yi wanka da ruwan zafi, ba sabon ciwo ba ne.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wannan al'ada tamu ta ganin cewa in ba a ciko leda da magani ba, to ba a yi jinya ba. Sai a ruga kemis, mai shago ya haɗa amoksisilin da man shafawa mai sinadarin sitiroyid, a biya kuɗin cefanen kwana biyu, alhali antibayotik irin amoksisilin ba ya kashe wannan ƙwaya ko kaɗan, man kuma yana sirantar da fatar fuskar yaro, wani ma jabu ne da ba shi da lambar NAFDAC. Asfirin kuwa, kada a ba yaro shi sam.

Wani mahaifi ya tambayi kuɗin allurar rigakafin wannan cuta. Malam, babu ita. Wadda ka ji labari ta karnuka ce, kuma ƙwayarsu daban take.

Amma ke da kika rubuto daga Maraɗi cewa 'yarki mai sikila ajinsu ɗaya da yaro mai wannan cuta, damuwarki tana da tushe. Ƙwayar tana dakatar da ƙera jini a ɓargo na wasu kwanaki, mai sikila kuwa ba shi da rarar da zai jure haka, kuma sau da yawa ƙurajen ba sa fito masa. Da zarar kin ga tafin hannunta da cikin idonta sun yi fari, tana haki ko kasala, ki kai ta asibiti a auna jininta a ranar, domin tana iya buƙatar ƙarin jini wanda maganin jini na kwalba ba zai maye gurbinsa ba. Mai juna biyu a gidan, musamman kafin mako 20, ita ma ta sanar da ma'aikatan awo.