Miliyan 20 a kan digirin injiniyan lantarki: kuɗin zai dawo?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ni ɗan kasuwa ne, albasa nake sayarwa a kasuwar Mile 12 da ke Legas. Babban ɗana yana son karatun injiniyan lantarki, amma makinsa na JAMB bai kai na Jami'ar Legas (UNILAG) ba. Wata jami'a mai zaman kanta ta ce naira miliyan 4 duk shekara har da masauki, kuma sai na sayar da filina na gida zan iya fara biya. Wani kuma ya ce zai samar masa a Kwatano ta Jamhuriyar Benin da rabin kuɗin, cikin shekara uku ya gama. Akwai ƙanne shida a bayansa. Kuɗin nan zai dawo kuwa? Wallahi abin ya hana ni barci.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya raya su, ya yi musu albarka. Ka dakata da maganar sayar da fili tukuna.

Karatun injiniya shekara biyar ne a Najeriya, don haka miliyan 20 kake magana a farashin yau, kuma da wuya a ɗauki shekara biyar makaranta ba ta yi ƙari ba. Ba a sa kwamfuta da kuɗin aikin kammalawa da zirga-zirga ba. To, kamfanonin da ke ɗaukar injiniyan lantarki a nan Legas, irin su Ikeja Electric, tashar Egbin da ke Ikorodu, matatar Ɗangote ta Lekki da masu kula da turakun sadarwa, muƙami suke biya wa albashi. Yaron da ya fito daga Covenant, jami'a mai zaman kanta, da wanda ya fito daga ABU Zariya, in aka ɗauke su rana ɗaya a mataki ɗaya, abu ɗaya za su karɓa a ƙarshen wata. Abin da ake dubawa shi ne darajar sakamako, yawanci 2:1 zuwa sama, da shekarun yaro, da jarrabawar da kamfanin zai yi masa. A matsayin misali kawai, a ce ya fara da naira 300,000 a wata, ya biya haya da kuɗin mota da abinci a garin nan, ya iya ajiye 100,000. Sai ya shafe sama da shekara 16 kafin ya tara miliyan 20, ba a ma yi zancen faɗuwar darajar naira ba.

Abin da kuɗinka ke saya a jami'a mai zaman kanta shi ne lokaci. Yajin aikin ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'in gwamnati, ya ci wata tara a 2020, ya ci wata takwas a 2022, kuma kamfanoni da yawa na sa iyakar shekaru wajen ɗaukar sababbin ma'aikata, saboda haka gamawa da wuri na da daraja. A wasu makarantun kuma ɗalibai ba su da yawa, kowa na samun taɓa na'ura da hannunsa. Amma ka sani rancen karatu na NELFUND da aka fara a 2024 na ɗaliban makarantun gwamnati ne. In kasuwa ta juya maka baya a shekara ta uku, babu mai ɗauke maka.

Sai abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, wanda kusan kullum sai na yi wa wani uba bayaninsa. Mutane sun ɗauka da zarar an nuna musu takardar lasisin NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, a rataye a bangon ofis, shi ke nan magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba, Alhaji. Lasisin nan izini ne na buɗe jami'a. Kowane kwas kuma yana da tasa tantancewar daga NUC. Sannan kwas ɗin injiniya yana da ta uku, ta COREN, hukumar da aka kafa tun 1970 don kula da aikin injiniya a ƙasar nan. Jami'a na iya mallakar lasisi na gaske, ga gine-gine masu ɗaukar ido, ga ciyawa shar, amma sashen lantarkinta COREN ba ta amince da shi ba, ko ta taɓa amincewa wa'adin ya ƙare ba a sabunta ba. Yaro ya gama, ya yi shekarun gogewa huɗu da ake nema, ya je yin rajista, a nan ne zai ji cewa akwai matsala. Wanda ba shi da rajistar COREN doka ba ta ba shi damar kiran kansa injiniya ba, kuma ba ya buga hatimi a kan zanen aiki. Manyan kwangiloli kuwa da hatimin ake cin su.

In ka tambayi jami'in ɗaukar ɗalibai ya ce maka "ana kan hanya" ko "kafin su gama za a samu", ka tashi ka kama gabanka. In ya nuna maka takardar sashen gine-gine ko na kanikanci, ka ce ta lantarki kake nema, mai kwanan wata, ka kuma ga ko cikakkiya ce ko ta wucin gadi. Daga nan ka sa yaron ya duba jerin da COREN ke wallafawa a shafinta na intanet. Gurbin ma dole ya biyo ta tsarin CAPS da JAMB ke ba da gurbin karatu ta cikinsa, in ba haka ba ranar tafiya bautar ƙasa za a nemi sunansa a rasa. Kai da ba ka sayen buhun albasa da kallon na saman baki, sai ka sa an zazzage, to ka je makarantar da ƙafarka. Ka ce a buɗe maka ɗakin gwaje-gwaje. Ka duba ko injinan lantarki da ƙananan taransfomomin da ke kan tebur suna da alamar hannu, ko har yanzu a cikin ledarsu suke, an ajiye su don ranar zuwan masu tantancewa. Ka ja wani ɗan aji huɗu gefe ka tambaye shi yaushe rabonsa da haɗa waya.

Mai maganar Kwatano kuwa, ka yi masa sallama. A Disambar 2023 ɗan jarida Umar Audu na Daily Nigerian ya fallasa yadda ya samo digiri daga wata makaranta a can cikin mako shida, har ya shiga bautar ƙasa da shi. A Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo, kuma a Agustan shekarar ministan ilimi na lokacin, Tahir Mamman, ya ce an gano takardun bogi sama da 22,000, ya ce jami'o'i biyar kaɗai aka amince da su a Benin, uku a Togo. Duk da haka dillalan nan suna nan suna yawo a Agege da Idi-Araba da Alaba Rago, suna cin kuɗin bayin Allah saboda Seme, garin kan iyaka da Benin, na kusa. Karatun da ake yi a shekara biyar, har da wata shida na koyon aiki a masana'anta, ta yaya za a dunƙule shi a uku?

Na taɓa miƙa wa wani matashi mai irin wannan takarda mitar gwada wuta, na ce ya auna mini layukan wani allon rarraba wuta. Ya juya ta, ya sake juyawa, ya sa maɓallin a ma'aunin da ba shi ba, ya nufi layi mai rai da ita. Na riƙe hannunsa. Ba raina shi na yi ba, tausayinsa na ji, domin mahaifinsa ya biya kuɗi na gaske. Lantarki ba ya duba takarda. Wayar da aka sa ƙasa da nauyin da za ta ɗauka, ko ginin da ba a yi masa wayar ƙasa ba, rayukan mutane ne a ciki, kuma wanda ya sayar da takardar da wanda ya saya yana sane duk za su amsa tambaya gaban Allah.

Da ɗana ne, ga abin da zan yi. Ya sake zana JAMB, ya dage da lissafi da fiziks da kemistiri, ya nemi ABU ko Bayero ta Kano, inda asalin jiharku zai iya taimaka masa a kason yankin makarantar. Ko ya shiga Yabatech, kwalejin fasaha ta Yaba, ya yi difloma, daga baya ya tsallaka jami'a kai tsaye. Shekarar jiran kuma kada ya kwana a gida. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, aka kuma ƙara kuɗin wuta ga 'yan Band A, rukunin da ya fi samun wuta, a Afrilun 2024, masu haɗa sola da inbata ba sa zama. Ka kai shi wurin ƙwararre ya koyi lissafin batir da faranti da kaurin waya, zai shiga aji ɗaya ya riga sauran sanin abin da malami ke zanawa a allo.

In kuwa ribar kasuwa za ta iya ɗaukar kuɗin shekara biyar ba tare da an taɓa jari ko haƙƙin ƙannensa ba, kuma ka ga takardar COREN da idonka, to jami'a mai zaman kanta ba laifi. Ko a nan ɗin, tun yana aji uku ya fara neman inda zai yi SIWES, wato koyon aiki a masana'anta, wurin da za a ba shi sifana ya yi aiki, domin sau da yawa daga can ake kiran mutum aikin farko.