Kun Tambaya, Mun Amsa: Sayayyar kayan anime a Akihabara da gane jabu a Legas

Tambaya: Assalamu alaikum. Wata mai zuwa zan je Japan kan harkar kayan mota, kuma wuni ɗaya tak zan samu a Tokyo. Ƙannena sun dame ni da sautun 'yan tsanan anime, wato katun ɗin Japan, wai a unguwar Akihabara ake samu. Ta ina zan fara don kada wunin ya tafi a banza? Daga wani mai karatu a Agege.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka bar Legas, sa kowane ƙane ya turo maka hoton kwalin abin da yake so, da sunan kamfanin da ya ƙera shi. Tauraron katun ɗaya kan fito a siffofi da dama, a farashi mabambanta. Akwai waɗanda aka yi don kyautar injinan wasa, na kamfanoni irin Banpresto da Sega, su ne masu araha a shagunan gwanjo. Akwai Nendoroid na Good Smile Company, masu ƙaton kai, tsayinsu wajen santimita 10. Sai manyan da ake rubuta wa 1/7 ko 1/8, wato kashi ɗaya cikin bakwai ko takwas na tsayin tauraron, waɗanda ɗaya kan lashe kuɗin ƙanana goma. In ba hoto, sai ka sayo wa yaro abin da bai aike ka ba.

Kada ka yi sammako irin na Idumota. Yawancin shagunan sai ƙarfe 10 ko 11 suke buɗewa, wajen 8 na dare kuma sun fara rufewa. Hau jirgin layin Yamanote, ka sauka a tashar Akihabara, ka fita ta ƙofar Electric Town. Ginin Radio Kaikan na nan dab da ƙofar, hawa goma, shaguna maƙil. Hau lif zuwa can sama, ka riƙa gangarowa hawa-hawa, kuma a wannan zagayen na farko ka bar kuɗinka a aljihu. Rubuta farashi da hawan da ka gan shi a waya, don wasu shagunan sun hana ɗaukar hoto. A waɗannan shagunan ba a taya kaya, abin da aka manna shi za ka biya, saboda haka ƙafarka ce za ta yi maka ciniki: kaya iri ɗaya kan sha bamban sosai tsakanin shago da shago. Da tsakar rana Mandarake, babban shagon gwanjo mai hawa takwas, yake buɗewa. Leƙa shi, ka leƙa rassan Suruga-ya, wani shagon gwanjon, sannan ka dawo ka saya inda ya fi sauƙi.

Wuri ɗaya ne wannan dabarar ba ta aiki. Za ka ga shaguna cike da akwatunan gilashi da ɗaiɗaikun mutane ke haya suna zuba kayansu, kowa da farashinsa. Galibi ƙwaya ɗaya ce, in ka juya baya wani ya ɗauke. Idan ka ga abin da ke jerinka a farashi mai kyau, rubuta lambar akwatin, ka kira ma'aikaci nan take. Duba shi da kyau, don ba a cika karɓar mayarwa ba. A gwanjo kuma karanta takardar da ke jikin kwalin da manhajar fassara: tana faɗin ko an taɓa buɗewa, ko kwalin ya lotse, ko wani ɓangare ya ɓace. Mai lotsattsen kwali da lafiyayyen ciki shi ne garaɓasa.

Riƙe fasfonka na ainihi. Harajin saye a can kashi 10 cikin ɗari ne, kuma shagunan da ke da alamar yafe haraji suna ɗauke wa baƙo idan sayayyarsa ta kai yen 5,000 a shago ɗaya a rana ɗaya, don haka tattara ƙananan saye wuri guda. Tanadi tsabar kuɗi saboda ƙananan shaguna, da sulallan yen 100 na injinan gachapon masu jefo abin wasa cikin ƙwallon roba. Ranar Lahadi da rana ana rufe babban titin Chuo ga motoci, tafiya ta yi daɗi amma cunkoso ya ninku. Duk hawan da ka ga an rubuta 18 a bakinsa, wuce abinka, ba kayan yara ba ne. Azahar da la'asar kuwa akwai masallacin Assalaam a Okachimachi, tasha ɗaya daga nan.

Matsalar dawowa ita ce girma, don kwalayen rabinsu iska ce, jaka takan cika tun ba a kusanci kilo 23 ba. Masu arahar, fitar da su, ka ninke kwalin, ka naɗe su cikin tufafi. Masu tsadar bar su a kwalinsu, darajarsu na faɗuwa in babu shi. Fentin fesawa da sinadarin tsinka fenti ba sa shiga jirgi, kada ka ɓata kuɗinka. Adana rasit saboda jami'an kwastan a filin jirgin Murtala Muhammed.

Tambaya: Na sayi wata 'yar tsana a wurin mai talla a Instagram, bayan 'yan makonni ta karkace, jikinta kuma yana danƙo. Jabu aka sayar mini? Daga wata mai karatu a Idi-Araba.

Amsa: Ba lalle ba ne, 'yar'uwa. Da robar PVC ake yin su, zafi na sa ta laushi, musamman wadda ke tsaye kan ƙafa ɗaya. Danƙon kuma sinadarin tausasa robar ne ke tsatsowa idan ta daɗe a rufe cikin zafi, har ta asali tana yi. Wanke ta da ruwa mai ɗumi da ɗan sabulun wanke-wanke, ki bar ta ta bushe a inuwa. Ƙafar da ta lanƙwashe, tsoma ta a ruwan zafi da bai tafasa ba na kamar minti ɗaya, miƙe ta a hankali, sai ki sa ta a ruwan sanyi ta kame. Nisanta ta da taga da kan firji.

Jabu a fuska ake fara kama shi: idanu a karkace, fenti ya tsallake layi, fata na sheƙi kamar an shafa mai, ga warin roba mai hawa kai. Kwalin yakan zo da hoto dishi-dishi, babu tambarin kamfani. Rubutun cewa a Sin aka yi ba hujja ba ce, yawancin na asalin ma can ake ƙera su. Nan gaba nemi mai kayan ya ɗauko miki bidiyon ainihin wanda ke hannunsa, gaba da baya da ƙarƙashin kwalin, ki gwada da hoton da kamfanin ya fitar. In ya ce sai kin biya kafin ki gani, ko farashin bai kai rabin na Japan ba alhali an yi dakonsa har Legas, nemi wani.