Kekena Ba Shi da Ramukan Noti: Yaya Zan Ɗaura Masa Kariya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi keken gwanjo mai siraran tayoyi domin zuwa wurin aiki, sai daga baya na lura babu ramukan noti a jikinsa inda ake ɗaura kariya ta ɗaukar kaya, ko kusa da wilin baya ko ƙarƙashin sirdi. Ina so in riƙa ɗora jaka da cefane, wani lokaci har da jarkar ruwa. Wani mai gyara ya ce a huda ƙarfen, wani kuma ya ce a yi walda. Wanne ya fi?

Mai karatu, daga Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka yarda a huda maka keke. Ƙarafa biyun da suka sauko daga gindin sirdi zuwa wilin baya bututu ne masu siririn jiki, kuma duk inda aka huda su, daga nan tsagewa take somawa idan keken ya sha gargada. Walda kuwa ta danganta da abin da aka ƙera keken da shi, saboda haka ka fara manna masa maganaɗisu. Idan ya kama, baƙin ƙarfe ne, kuma ƙwararren mai waldar gas zai iya liƙa masa ƙananan kunnuwa na noti, sai dai fentin wurin zai ƙone. Idan bai kama ba, mai yiwuwa alminiyam ne ko kabon, wato wani abu mara nauyi da ba ƙarfe ba; zafin walda yana raunana alminiyam, shi kuwa kabon ko matsi mai ƙarfi ba ya jurewa.

Hanyar da na fi amincewa da ita ita ce a ɗora nauyin a kan ƙarfen tsakiyar wilin baya, kamar yadda ake yi wa tsofaffin kekuna irin su Phoenix da Raleigh, waɗanda ƙafafun kariyarsu suke shiga ƙarƙashin notin wili. Idan wilinka mai noti ne, aikin ya zo da sauƙi, muddin zaren ƙarfen ya yi saura yadda notin zai kama sosai bayan an sa ƙafar kariya da washa. Idan kuwa irin wanda ake kwancewa da hannu ne, ana buƙatar sauya tsinken da yake ratsa tsakiyar wilin da wani mafi tsawo, tare da wasu ƙananan faranti da aka yi domin wannan aiki. Aibin wannan hanya ɗaya ne: duk ranar da za a cire wilin, sai an kwance ƙafafun kariyar.

Ta sama kuma, hannuwan kariyar riƙo kawai suke yi don kada ta kifa gaba ko baya, ba su ɗaukar nauyi mai yawa. Ana iya sauya zoben da yake matse sandar sirdi da wani mai ramukan noti, ko kuma a yi amfani da kilif mai siffar harafin P wanda ake naɗawa a jikin bututun nan da suka sauko daga gindin sirdi zuwa wilin baya. Ka tabbata kilif ɗin ya dace da kaurin bututun kuma yana da roba a ciki. Idan babu, a yanko tsohon tub a shimfiɗa, domin ya hana santsi da goge fenti. Noti mai kaurin milimita 5 shi ne aka saba amfani da shi. Wasu suna sa irin wannan kilif har a ƙasa, kuma yana ɗaukar jaka da cefane, amma yakan zame idan kaya suka yi nauyi.

Akwai kuma kariyar da take kama sandar sirdi kaɗai ba tare da ƙafafu ba, wadda yawanci ba ta wuce kilo 10. Jarka mai lita 25 kuwa ruwan cikinta kaɗai kilo 25 ne, wato kusan iyakar abin da kariya mai ƙafafu take ɗauka ke nan, kuma siririn wilin keken tsere zai iya soma tsinka sifok da irin wannan lodi. Shawarata ita ce ka tsaya a kan jarka mai lita 10.

Bayan an gama ɗaurawa, a duba cewa kariyar ta kwanta daidai, ba ta taɓa birki ko taya, kuma diddigenka ba ya bugun kaya idan kana taka feda. A sake matse notocin bayan makon farko, domin a lokacin ne suka fi saki.