Tambaya da Amsa: Digirin Digirgir a Kan Yara Masu Baiwa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar firamare ce a Agege, kuma ina da digiri na biyu a fannin ilimi. Akwai wani yaro a ajina da yake gama lissafi tun ban sauke alli ba, daga nan sai ya shiga tsokanar 'yan'uwansa, har ana ce masa gagararre. Ina so in yi digirin digirgir a kan koyar da irin waɗannan yara. Shin dole sai na ajiye aiki, kuma ina zan nufa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama, Allah ya cika miki wannan buri. Shawarata ita ce kada ki ajiye aiki, domin ajin nan naki shi ne filin bincikenki. Jami'ar Ibadan tana da sashen ilimi na musamman wanda ya daɗe yana nazarin masu baiwa, Jami'ar Bayero ta Kano ma tana da irin wannan sashe. Ki fara neman malamin da zai duba aikinki, ki kuma tambaya ko akwai tsarin karatu na ma'aikata.

Batun da ya fi damuna shi ne yadda ake gano waɗannan yara. A 1978 masanin nan na Amurka, Joseph Renzulli, ya bayyana cewa baiwa tana fitowa ne inda abubuwa uku suka haɗu: hazaƙar da ta ɗara ta tsara, basirar ƙirƙira, da naci a kan aiki. Jarrabawar takarda kuwa, kamar ta shiga makarantar masu baiwa ta Gwamnatin Tarayya da ke Suleja, da Turanci ake rubuta ta, kuma cikin ukun nan hazaƙa kaɗai take iya aunawa sosai. To, yaya za a yi da yaron Agege ko Idi-Araba wanda yake Hausa a gida, Yarbanci a kasuwa, ya haddace izu goma a makarantar allo, ya kuma iya lissafin canjin mahaifinsa da ka, amma Turancinsa bai nuna ba? Irinsa yakan wuce ba a lura da shi ba, kuma wannan kaɗai ya isa maudu'in digiri.

Tun yanzu ki tanadi littafi kina rubuta abin da kike gani: tambayoyin da yaron yake yi, da yadda halinsa yake sauyawa idan kin ba shi aikin aji na gaba. Idan lokacin bincike ya zo, sai kin sami izinin iyaye da na hukumar makaranta a rubuce, kuma ki sakaya sunayen yaran.