Amsa ga ɗan'uwan da ke tambaya ko mu Hausawan Akara har yanzu Hausawa ne

Malam, ka ce aiki zai kawo ka Akara babban birnin Gana kuma an faɗa maka wai 'yan Zango mun narke cikin mutanen gari, ba Hausa ba al'ada. Toh wallahi maganar ta ɗan sosa min rai amma bari in baka amsa.

Abin da zaka fara gani shi ne abin da baban mu ya gani lokacin da ya sauka daga Kano da keken ɗinkinsa, yana yawan bamu labarin. Ga teku da bai taɓa gani ba, ga kasuwar Makola mata ne ke riƙe da ita kaf, su ne masu kuɗin su ne masu faɗa a ji, ga kiɗan coci ran Lahadi ta ko'ina, aka miƙo masa dokunu (tuwon ƙullun masara) da kifi yaji tsami ya kasa haɗiya. Sai da aka kai shi unguwar Nima yaji ana kiran sallah, mai koko da ƙosai tana ciniki da Hausa, sannan hankalinsa ya kwanta. Mai masaukinsa bai san shi ba bai san danginsa ba, ya bashi ɗaki ya nemo masa masu kawo ɗinki, kuma har gobe haka muke karɓar baƙo, ka zo ka gwada.

Mu fa ba jiya muka zo ba. Fataken goro sun daɗe suna zuwa garin Salaga a arewacin Gana tun kafin Bature, Sabon Zango na Akara Malam Baƙo ne ya kafa shi sama da shekara 100, muna da sarakunan Zango, ga makarantun allo, ga babban limamin ƙasa Shehu Usman Nuhu Sharubutu a Fadama wanda har Kiristoci ke girmama shi. Dagomba da Mosi da Zabarmawa in sun haɗu a Nima ko Mamobi da Hausa suke magana, tuwon zafi da wake da shinkafa kuwa duk Gana ake ci yanzu.

Eh Hausar mu ta bambanta, yaran mu basa rabe namiji da mace a magana, zaka ji ance mace ya zo, kuma suna cusa yaren Tuwi da Turanci. Amma abin da ke min ciwo, in yaro yaje Kano ganin dangi sai a zauna ana sa shi magana ana dariya, ya dawo yace shi ba zai ƙara zuwa ba. Ɗana haka ya dawo. Su wa suka nesanta shi kenan?

Batun aure kuma, gaskiya ne muna auren 'yan ƙasa, matar yayana Batoniya ce daga Kumasi, wato 'yar ƙabilar Asante da muke kira Tonawa. Ta musulunta, aka ɗaura aure da waliyyi da sadaki da goro kamar kowa, aka sa lalle, kuma ita ta yi jinyar innar mu har Allah ya karɓi abarsa. Inda ake samun saɓani shi ne gado, don Tonawa ta wajen uwa suke bin dangi, mu kuma ta uba, shi yasa manya ke zaunar da magana tun kafin a kai kuɗi.

Kuma kada a manta 1969, lokacin da gwamnatin firaminista Busiya ta kori baƙi marasa takarda, mutanen Zango da yawa suka kwashi kaya suka koma Najeriya, wasunsu a nan aka haife su basu san kowa a can ba, suna isa aka fara kiransu 'yan Gana. Ƙanen baban mu na cikinsu, ya rasu a Kano yana kewar Nima. A nan ace mana baƙi, a can ace mun ɓata, toh ina ake so mu sa kanmu.

In ka tashi zuwa ka taho da takardunka cikakku, ka sani masu gidajen haya na neman kuɗin shekara ɗaya ko biyu a dunƙule, kuma ka fara sauka Zango kafin ka nemi ɗaki a wata unguwa.